Shekarar da Goggo Ta Zaɓi Aji Shida

A makarantar nan malaman manyan azuzuwa sun fi na ƙanana albashi, kuma manyan azuzuwan duk a hannun maza suke. Goggo tana riƙe da aji ɗaya tun ginin bai da silin. A ƙarshen shekara mai zuwa za ta yi ritaya, kuɗin sallama kuwa da albashin ƙarshe ake auna shi. Wato malaman da ta koya wa riƙe alli suna yara za su fita da abin da ya fi nata.

Ta tayar da maganar a ɗakin malamai ana shan shayi.

Malamin lissafi, wanda ake kira Farfesa saboda son bayani, ya gyara tabarau. "Goggo, masana sun gama da wannan. Ba wariya ba ce, zaɓi ne. Ku mata kun fi son aiki mai sauƙi. Waƙa da tafi."

"Waƙa da tafi," ta maimaita.

Mai makaranta ya sa baki yana murmushi. "Gaskiya ya faɗa, Goggo. Ni aji nake biya, ba mutum ba. Wa ya taɓa hana ki zaɓa?"

Ba wanda ya hana ta. Al'adar makarantar ce, a farkon kowace shekara malamai su zaɓi aji, wanda ya fi daɗewa shi ke farawa. Sai dai kullum kafin ta buɗe baki akan ce, "Goggo dai an san nata, uwar yara," a yi dariya, ita kuma kunya ta rufe ta. Sauran matan su bi sawunta.

Ta haɗiye maganar Farfesa, ta kwana da ita duk tsawon hutu. Ta kuma bi matan gida-gida.

Ranar zaɓe mai makaranta ya ce, "Goggo dai an san..."

"Aji shida," in ji ta.

Wadda ke biye da ita ta ce aji biyar. Ta gaba ta ce huɗu. Da yake matan sun fi daɗewa, kafin layi ya iso kan maza, saura ƙanana. Farfesa, wanda ya fi su ƙarancin shekaru a aiki, aji ɗaya ya faɗo masa.

Goggo ba ta gaya masa wace yarinya ce ba ta iya neman izinin fitsari sai dai ta yi shiru tana motsa ƙafa ba. Ba ta gaya masa wane ne ke cizo ba. Tana wucewa ta taga ta gan shi durƙushe yana goge ƙasa, yaro ɗaya ya rataya a wuyansa, tabarau a hannun wani.

"Farfesa, ban ji tafi ba!"

Wata bai cika ba mazan suka shiga ofishin mai makaranta da ƙorafi. A taron iyaye mai makaranta ya miƙe ya ce an gano ƙananan azuzuwa su ne tushen ilimi, aiki ne mai cin rai, don haka daga yau albashinsu ya zarce na manya. Iyaye suka yi tafi. Goggo ta fi kowa.

Da aka watse ta tare shi a baranda. "Ranka ya daɗe, ashe ajin yana da wuya? Sai da namiji ya shiga aka gane?"

"Goggo, ba haka ba ne..."

"Ka ce aji kake biya. Ni kuwa sai na ga kuɗin yana bin mutum kamar jela."

Ya juya ya koma ofis. An riga an faɗi maganar a gaban iyaye, ba ta janyuwa.

Washegari Farfesa ya same ta, rigarsa duk shatin hannun yara. "Goggo, don girman Allah mu yi musanya. Ki karɓi ajinki."

"Zan karɓa, ɗana, da sabon albashinsa. Da shi zan yi ritaya." Ta kurɓi shayi. "Amma sai zango na ƙarshe."

"Har zango na ƙarshe? Goggo, mutuwa zan yi!"

"Haba, aiki mai sauƙi? Ai kai ka zaɓa."

Aka kaɗa ƙararrawa. Daga aji ɗaya wani ya tsala ihu, ta nuna masa ƙofa da cokalin shayi.