Kwamfutar Yaron Nan

"Waƙa ka zuba a kai?" Modu ya kai filashin har kusa da hancin Yunusa. "Windo ne a ciki, da shi nake gyaran kwamfutocin mutane. Aro fa ka ce."

"To ai ba cinye shi na yi ba," in ji Yunusa mai tura waƙoƙi, wanda teburinsa ke manne da shagon Modu a bakin tashar Haɗejia. "Direban Birniwa ne ya ce sai ya ji a motarsa kafin ya saya. Kwamfuta ta ce a goge, na goge."

"Ita ta haife ka da za ka bi maganarta?" Modu ya wurga masa filashin a cinya. "Riƙe. Daga yau ko ashana kada ka tambaye ni."

Ya koma shago yana huci. A kan benci wata dattijuwa ce daga Miga, Iya Mairam, da 'yarta Umaima mai shirin shiga makarantar jinya. Sun kawo kwamfutar hannu wadda cuta ta ci windonta, tana tashi amma da ƙyar, kuma motarsu ba ta wuce la'asar.

Tunda babu filashi, sai Modu ya bi doguwar hanya. Ya yanki ɗan wuri a faifan cikin kwamfutar, ya jona ta da datar wayarsa, ya sauko da sabon windo ya ajiye a wurin. Tun hantsi har azahar yana tsaki, yana zagin netwok, yana haɗawa da Yunusa.

"Malam, yaya za ta gyara kanta da kanta?" Umaima ta tambaya.

"In ruwa ya ci gidanku, ba a zaure kuke zama a rushe sauran ba? Zauren na yanka. Daga shi za ta tashi, babban ɗakin kuma in share shi tas."

Kafin ya kashe ta ya ga hoton da ke fuskarta: wani saurayi a bakin gonar shinkafa, ya dafa kafaɗar Iya. Bai ko juyo ba ya ce, "Iya, akwai abin da kuke so a ciki? In na share, ya tafi ke nan."

Iya ta kau da kai ga bango. "Ba komai."

Umaima ta buɗe baki za ta yi magana, uwar ta harare ta.

Kwamfutar ta tashi daga zauren, ta jero ɗakunan faifan. Modu ya zaɓi babban, ya kai yatsa zai share.

"Modu, dakata." Yunusa ne a bakin ƙofa.

"Ban ce kada ka sake yi mini magana ba?"

"Ba kai na zo wa ba. Na san mai hoton nan da na hango ɗazu. Shu'ibu ne, a wurina yake zuba karatu a waya. Yana cikin waɗanda kwalekwale ya kife da su bara, lokacin ambaliya." Ya rage murya. "Ɗanta ne na fari. Kai a garin nan aka haife ka kuwa? Ko sunansa ba za ta kama ba, balle ta ce maka tana son hotonsa."

Kowa ya san wannan kunya. Uwa ba ta nuna son ɗan fari a gaban mutane, yana raye ko yana ƙasa. Modu ma ɗan fari ne. Fushi ne ya mantar da shi.

Ya janye yatsan a hankali. Haushin bai tafi ba, sai dai yanzu bai san wanda zai sauke wa ba. Zauren da ya yanka ya cika da windo, babu inda zai kwashe kayan marigayin.

Yunusa ya ajiye filashin a kan tebur. "Na goge waƙoƙin. Babu komai a ciki."

"Ka iya gogewa ai," in ji Modu. Ya ɗauka.

Ya fita daga zauren, ya bar tsohon windon ya tashi da ɗingishinsa, ya fara kwashewa. Hotuna suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa wani bidiyo bisa kuskure, sai dariyar saurayi ta cika shagon, da ƙarar ruwa a jikin katakon kwalekwale.

Modu ya yi sauri zai kashe.

"Motar za ta tafi, Iya," in ji Umaima.

Iya ba ta juyo daga bangon ba. Ta gyara mayafinta.

"Ta tafi," ta ce. "Malam, bar yaron nan ya gama maganarsa."