Hoton Mutuwar Rikizo

Sahichi mai buga hoto ya kashe mutum a takarda tun yana numfashi, kuma gaggawa ce kawai ta sa shi.

A birnin Edo, idan ɗan wasan kwaikwayon gargajiya da ake kira kabuki ya mutu, masu buga hoto sukan fitar da hotonsa cikin shuɗiyar rigar mamaci, da carbi a hannu. Da Sahichi ya ji tsohon ɗan wasa Rikizo ya kwanta ciwo, sai ya ƙi jira, don kada wani shago ya riga shi. Ya ɗauko tsohon katakon buga hoto da aka sassaƙa wa wani ɗan wasa da ya rasu, ya ƙwaƙule tambarin gidan da ke jikin rigar, ya cusa na Rikizo, ya buga ya baza gari.

Da safe sai ga Rikizo a ƙofar shago, yana dogara sanda, takardar a hannunsa. Jama'a suka taru.

"Maigida, na zo yi maka ta'aziyyata," in ji tsohon. "Na yafe maka kisan. Amma hancin wa ka liƙa mini? Tun jiya matata take kuka a kan fuskar wani ƙato."

Aka bushe da dariya. Sahichi ya durƙusa, goshinsa a ƙasa, kunnuwansa na zafi.

Ƙungiyar masu buga hoto ta kankare katakansa duka, ta cire sunansa. Bai ƙara buga fuskar kowa ba.