Ranar da Aka Binne Babaji a Danchuwa

Shekarata bakwai ina fasto a Potiskum zamanin Turawa, kuma in za a faɗi gaskiya, ɗan ƙasa ɗaya tak na yi wa baftisma. Sauran masu zuwa sujada baƙi ne irina, akawunan kanti da direbobin lori. Wannan ɗan ƙasa ɗaya shi ne Babaji, wani tsoho Bangizime daga Danchuwa, da ke takowa duk Lahadi, ya zauna a bencin gaba, ya yi barci tun ban gama karatun farko ba.

Abu guda ya taɓa roƙona. Ya ce, "Malam, in na mutu, kai za ka yi mini addu'a kafin a sa ni a ƙasa. Kada ka bari a tura ni haka kamar akuya." Na yi masa alkawari.

Wata Alhamis da sassafe aka aiko cewa ya rasu. Da na hau kekena a lokacin, da na isa kafin hantsi. Amma a makarantar mishan na ga yadda Bature ke binne Kirista, a cikin akwati, sai kaina ya ba ni cewa Kiristana ɗaya ba zai tafi a tabarma ba. Na nufi wurin Modu kafinta.

Modu ya ajiye zarto ya dube ni. "Malam, a nan gawa ba ta jiran kowa fa. Ka je yanzu."

Na ce ya yi aikinsa, in yi nawa. Ni da iyayi, har da nuna masa tsawo da igiya. Mutumin da bai taɓa yin akwatin gawa ba, ƙofa da benci ne sana'arsa, sai da ya kai mu bayan azahar. Muka ɗaura a kan jaki, ina biye ina tura keke.

La'asar ta yi muka shiga Danchuwa. Maza na zaune a ƙofar gida, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Halliru, babban ɗan mamacin, Musulmi kamar sauran gidan, ya taso ya karɓi kekena, ya sa aka kawo mini ruwa.

"Sannu da zuwa, Malam. Mun jira ka har rana ta take. Zafi ya yi yawa, ba mu iya ƙara riƙe shi ba."

Na so in ji wani abu, ko kunya ko baƙin ciki, ban ji komai ba. Ƙishirwa kawai nake ji, na shanye ruwan. Mutane suna ta satar kallon abin da ke kan jakin, ba wanda ya tambaya.

Can na ce, "To, liman ne ya yi masa salla ke nan?"

Halliru ya girgiza kai. "Liman ya zo. Ya ce Baba naka ne, ba zai shiga gabanka ba. Baba ma haka ya bar mana wasiyya. Shi ma limamin ya zauna tare da mu yana duban hanya."

"Wa ya yi addu'ar?"

"Ba kowa, Malam. Mun dai sa shi, muka rufe."