Ƙofofin Iskan Baba Kafinta

Duk kun ga bangon ɗakin Baba Kafinta yana zufa, kun ga baƙin danshi ya ci kusurwa, kuka yi masa sannu daga bakin ƙofa kuka wuce. Ni ma na yi haka, shekara biyu cur, ga takardar karatun gini a jakata. Sai ranar da na ji 'yarsa tana cewa za ta ɗauke shi zuwa gidanta saboda tarinsa, shi kuwa yana rantsuwa ba inda za shi, sannan na shiga da guduma na hau tebur.

"Injiniya, in kin karya min tebur, aure ya mutu," in ji shi daga kan gado. Tun ina ƙarama yake kirana matarsa.

"Baba, wa ya toshe waɗannan ramukan na saman bango da siminti?"

"Yayanki mana. Wai sauro. Ni na bar su da hannuna lokacin da muka yi ginin, ya ce tsohon yayi ne."

Babban ɗansa yake nufi. Ba mugu ba ne, so ne ya yi masa yawa. Ya toshe ƙofofin iska na saman bango, ya cire tagogin katako masu shaƙar iska ya sa gilashi, ya shafe kwanon rufi da baƙar kwalta don kada ya yi yoyo, ya kafa na'urar sanyaya ɗaki. Wuta kuwa sai ta ga dama take zuwa. Da ta ɗauke, ɗakin ya zama tukunya a rufe, tsoho a ciki.

'Yarsa ta riƙe ƙugu. "Kwana uku na ba ki. In har yana jiƙa zanin gado da gumi, mota na nan."

Na fasa simintin, na sa ragar waya. Mai fenti na layinmu ya hau ya mayar da rufin fari. Tagogin katakon kuwa suna jingine a bayan ɗakin, Baba ya hana a ƙona su. Na ɗauko su na hau mayarwa, yana kallona.

"Ba haka ake riƙe sukundireba ba! Wai me aka koya muku a makarantar?"

"Lissafi, Baba."

"Ai ga shi nan, taga a karkace."

A rana ta uku da azahar iska ta shigo ta taga, ta fita ta sama. Ya lumshe ido, ya ce wa 'yarsa, "Kawo min bargo, matata za ta kashe ni da sanyi." Ta yi dariya har da hawaye, ta sallami direba.

Ciwon ƙirjin bai tafi ba. Likita ya riga ya faɗa mana. Amma ya yi kwana goma sha ɗaya a ɗakinsa, yana karɓar baƙi, yana nuna musu ramukan da sanda. Da hantsin na sha biyu ya cika, 'yarsa na riƙe da hannunsa, labule yana ɗagawa yana sauka a kan kafaɗarta.

Gobe da rana tsaka, ku shiga ɗakin da tsohonku ko tsohuwarku ke kwance, ku ja ƙofa, ku zauna minti goma. In kun kasa jurewa, kada ku fito ku bar su a haka.