Batirin Jirgin Abu Jasim

Farfela tana juyawa, iskarta tana kwashe busassun ganye daga tsakar gidan, amma lambar da ke kan mitar Zulkiflu ta ƙi motsi: sha biyu da ɗigo ɗaya. Ya ƙara wa injin wuta, ɗan jirgin saman ya yi ruri ya ja igiyar da aka ɗaure wutsiyarsa da ita a gindin dabino. Lambar tana nan daram. Da batirin yana shan caji, da tuni ta hau sha huɗu.

Ya kashe injin ya sauko daga kujerar matuƙi, riga ta manne masa a baya. Ƙarfe tara na safe ne kawai, amma zafin Doha ya riga ya fara gasa mutum. Masahudu, dattijon Kumasi mai gadin ƙofa da ban ruwan furanni, ya cire yatsunsa daga kunne.

"Ɗan Kano, ya ci?"

"Bai ci ba, Baba Masahudu."

"Kai! Yau Laraba fa. Jirgin ka na gaske jibi ne."

Zulkiflu bai buƙaci tuni ba, tikitinsa na zuwa hutu Kano na ranar Juma'a ne. Shekara biyu da wata huɗu rabonsa da gida. 'Yarsa Khadijatu bayan tahowarsa aka haife ta, bai taɓa ɗaukarta ba. Matarsa Wasilatu ta ce yanzu yarinyar duk wayar da ta gani a hannun mutum sai ta nuna ta ce "Baba". Wasilatu da dariya ta faɗa, shi kuwa ranar ko abinci bai iya ci ba.

Direba aka kawo shi wannan gida na Ain Khaled, kuma da ya tsaya a tuƙinsa da an zauna lafiya. Karambani ne ya ja shi. Wata rana fitilar motar uwargida ta ɗauke, ya buɗe ya gyara cikin minti goma, har yana ba da labarin shekara bakwai da ya yi yana gyaran wutar mota a Ƙofar Ruwa. Labarin ya kai kunnen kafil ɗinsa, wato maigidan da ya kawo shi ƙasar, Abu Jasim, tsohon matuƙin jirgi da ya yi ritaya ya rasa abin yi, ya sayo ƙaramin jirgi mai kujera biyu a cikin akwatuna yana harhaɗawa da hannunsa a gareji. Komai ya haɗu, saura fukafukai da ke jingine da bango, sai dai batir ba ya caji. Abu Jasim ba mugun mutum ba ne, yana ma da kyauta. Amma ya ce da murmushi, "A gama jirgi, sai hutu." Fasfon Zulkiflu kuwa yana cikin durowarsa, wai don kada ya ɓace. Sau biyu ke nan ana ɗaga tikitin.

Akwai abin da Zulkiflu bai gaya wa kowa ba, shi ne kuma yake cinsa fiye da zafin rana. Ran farko da aka ba shi jirgin, gwajin da ogansa na Ƙofar Ruwa ya koya masa ya yi: a tayar da inji, a cire kan batir. In inji bai mutu ba, altaneta, na'urar da ke samar da caji, tana ba da wuta. Duk mai gyara a Ƙofar Ruwa haka yake yi. Ya sa Masahudu ya cire wayar, inji bai ko yi tari ba, Zulkiflu ya bugi ƙirji ya ce altaneta lafiya lau. Sai daga baya aka ga ragileta, ɗan akwatin da ke daidaita wutar kafin ta shiga batir, ta ƙone. Aka yi odar wata daga Turai, mako biyu. Da ta zo ya sake gwajin nan, ita ma ta bi 'yar uwarta. A lokacin ne ya zauna da littafin injin yana fassarawa da waya, ya tarar da gargaɗi cikin jan rubutu: kada a taɓa cire batir alhali inji yana aiki. Injin jirgi tartsatsinsa daga jikinsa yake samu, ko babu batir ba zai mutu ba. Ashe gwajin bai gaya masa komai ba, ɓarna kawai ya yi. Abu Jasim ya yi ta zagin kamfanin da ya aiko kayan, Zulkiflu yana gefe yana gyaɗa kai.

Yanzu ga ta uku an ɗaura, ba ta ƙone ba, amma kuma babu caji.

"Ni na faɗa maka tun tuni," in ji Masahudu yana miƙo masa ruwan sanyi. "Wannan ƙasa, in ka iya abu, ka ɓoye. Ni na iya ɗinki, massa. Shekara tara, ka taɓa gani allura a hannu na?"

"Ai bakin alƙalami ya bushe, Baba."

"To yalla, duba kuma. Ni ina riƙe maka lema."

Zulkiflu ya ajiye gaggawa, ya bi abin daki-daki yadda littafin ya tsara. Fis lafiya. Wayoyi biyu masu ruwan ɗorawa da suka fito daga altaneta, ya riga ya auna su inji yana aiki, suna kawo wuta. Jar wayar da ta tafi batir ba ta yanke ba. Wuta tana shiga ragileta ke nan, amma ba ta fita. Ya tsaya yana kallon akwatin da aka ɗaure da kusoshi biyu a jikin farantin ƙarfen da ya raba inji da wurin zama. Farantin fari tas, sai sheƙi yake yi.

Sai ya ɗora bakin mita ɗaya a jikin ragileta, ɗayan a baƙin kan batir. Ya kamata ta yi ƙara, alamar hanya a buɗe take. Shiru.

Ya kwance kusoshin. A ƙarƙashi fenti ne mai kauri, har cikin ramin kusa. Abu Jasim da kansa ya shafa shi, hawa uku, saboda raɓar teku da ke sa komai tsatsa a garin nan. Ya sha nuna wa baƙi yana alfahari. Ita kuwa ragileta ta jikinta wuta ke komawa, abin da masu gyara ke kira bodi. Fentin ya toshe hanyar tun ranar farko. Zulkiflu ya kankare wurin da wuƙa har ƙarfe ya fito, ya goge da samfefa, ya ƙara waya mai kauri daga jikin akwatin zuwa batir, ya ɗaure.

Da inji ya tashi, lambar ta yi ɗan jim, sannan ta fara hawa. Sha uku. Sha uku da rabi. Sha huɗu da ɗigo ɗaya. Masahudu ya jefar da lema yana kabbara.

Abu Jasim ya fito da sauri, farar rigarsa tana kaɗawa a iskar farfela. Ya leƙa mitar, ya sa aka kashe aka sake tayarwa, ya sake leƙawa. Da aka nuna masa fentin sai ya dafa kai ya fashe da dariya.

"Ni ne? Da hannuna? La haula!" Ya rungume Zulkiflu, ƙamshin turarensa ya cika masa hanci. "Wallahi kai injiniya ne, tuƙi ɓata ka yake yi. Asabar za mu kai shi filin tashi a ɗaura fukafukai. Sai masu dubawa su zo, sai gwajin tashi. Ba zan hau ba sai kana tsaye a ƙasa. Wata ɗaya, ko biyu. Tikiti ba matsala, zan kira kamfanin jirgi yanzu a ɗaga shi."

Zulkiflu ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Jirgi bai yi ba, babu tafiya; jirgi ya yi, babu tafiya. Ya dubi Masahudu, dattijon ya sunkuyar da kai yana naɗe lema. Mako shida Zulkiflu yana gadin sirrin nan don kada a kore shi, ga abin da gadin ya haifa masa.

"Ranka ya daɗe, akwai magana," ya ce. "Ragileta biyun nan ba laifin kamfani ba ne. Ni na ƙona su."

Ya faɗi komai: cire kan batir, yadda ake yi a garinsu, jan rubutun da bai karanta ba sai bayan ta biyu, da shirun da ya yi ana zagin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Murmushin Abu Jasim ya dushe a hankali.

"Ka cire batir inji yana aiki? A jirgin da zan hau?"

"Sau biyu."

"Kuma ka bar ni mako shida."

Abu Jasim ya juya ya shige ciki. Zulkiflu da Masahudu suka tsaya a rana, injin yana ƙas-ƙas yana hucewa. Da Abu Jasim ya dawo, koren fasfo ne a hannunsa da takardar tikiti ɗaya. Bai miƙa ba, a kan hancin jirgin ya ajiye.

"Juma'a. Kada ka sake taɓa shi. Khalas, an gama."

Ƙofa ta rufe. Masahudu ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗan Kano, takarda ya ce da dawowa?"

Zulkiflu ya buɗe ya karanta har ƙasa, ya juya bayanta. Doha zuwa Kano, babu wani layi bayan wannan. Tsoro ya kama shi sosai, don bai san abin da zai ce wa Wasilatu ba, bai kuma san da me za su ci ba in ya koma. Amma numfashinsa ya sauka, irin saukar da ya manta da ita.

"Babu," ya ce. Ya goge baƙin man hannunsa a wando kafin ya ɗauki fasfon. "Baba, a kasuwar Wakra ana samun takalmin yara? Ban ma san lambar ƙafar Khadijatu ba."