Zoben da Bai Fito ba a Saman Abarba

Tun daga nesa ake hango ta, ƙatuwar abarba mai tsayin bene hawa uku, an shafe ta da fenti ruwan ɗorawa, ta ƙame a bakin titi, ba ta ciyuwa ba ta ruɓewa. Wanda ya gina ta dai abin yi ne ya ƙare masa. Amma a samanta Lwandile ya ƙudurta zai miƙa wa Bukelwa zoben baiko da ke aljihunsa, don ta sha gaya masa tun tana ƙarama take marmarin hawa.

Abu ɗaya ne ke cin ransa. Ranar da suka fara haɗuwa, shekara biyu ke nan, ya tambayi danginta kamar yadda kowa ke yi, ta ce ita 'yar zuriyar Cirha ce. Shi ma kuwa Cirha ne, kuma ɗan Cirha ba ya auren 'yar Cirha ko da kakanninsu ba su taɓa ganin juna ba. A al'adarsu ƙanwarsa ce, magana ta ƙare. Sai ya dubi murmushinta, ya ari dangin mahaifiyarsa, ya ce shi Tshawe ne. Tun daga ranar kullum cewa yake gobe zai faɗa mata gaskiya.

"Yi sauri mana, tsoho!" in ji Bukelwa daga matakalar cikin abarbar. "Matakala ashirin har ka fara haki? Haka za ka ɗauke ni ranar biki?"

Suka fito sama, ƙarƙashin ganyayen ƙarfe. Gonakin abarba sun miƙe har inda ido ya tsaya. Ba kowa sai wata tsohuwa mai shara. Lwandile ya sa hannu a aljihu, ya fara durƙusawa don ya miƙa mata zoben.

Tsohuwar ta jingine tsintsiya, ta ƙura masa ido, ta tafa hannu, ta yi kira da sunan dangi kamar yadda suke gaisawa.

"Cirha!"

"Na'am, Mama," suka amsa tare.

Bukelwa ta yi dariya, ta zungure shi. "Kai kuma wa ya kira ka?"

"Shi na kira mana, 'yata," in ji tsohuwar. "Wannan goshin ko a duhu na san shi. Ɗan Zwelinzima ne, maƙwabcinmu kafin aure ya kawo ni nan. Ni na dafa giya ranar da ya fito daga dajin kaciya, muna ta yi masa kirarin Cirha har muryata ta dishe. Au, ke ma ta gidan ce? Madalla! Yaron kirki, ka fito da ƙanwarka shan iska. Kawo waya in ɗauke ku hoto."

Kunya ta rufe Lwandile, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya so abarbar ta tsage ya faɗa ciki. Da ma Bukelwa ta yi ihu, da ma ta mare shi, da ya ji sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dube shi, ta dubi hannunsa da ke maƙale a aljihu, ta gane abin da ke ciki, ta kuma gane ya sani tun ranar farko.

Ta miƙa wa tsohuwar wayarta da hannu biyu. Ta tsaya gefensa, ta bar tazarar da ta dace.

"Ku matso mana, ba jini ɗaya ba ne?" in ji tsohuwar. "Kai, ɗaga kanka! Ƙasa za a ɗauka?"

Bai iya ɗagawa ba. Haka hoton ya fito.

Bukelwa ta karɓi wayarta, ta gode, ta gyara gyalenta. A bakin matakala ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Mu sauka, Yaya," ta ce.