Kujera Mai Bugun Zuciya

Shekara talatin Sista tana aikin jinya. Ta yi ritaya, amma yatsunta sun ƙi yi: duk wanda ta riƙe wa hannu, sai sun lallaɓa kan jijiyarsa suna ƙirga.

Da ɗan yayanta, wanda dangi ke kira Injiniya, ya buɗe ɗan kamfanin ƙera na'urar auna zuciya, ita ta fara zuba jari. Kuɗin sallamarta kaf ta miƙa masa, ko takardar yarjejeniya ba ta karanta ba. Yaron da ta goya, me za ta karanta? Na'urar ba ta fi akwatin ashana ba. A manna a ƙirji, layin bugun zuciya ya fito a allo. Ya gwada wa mijinta Malam, mai ciwon zuciya, ya ce, "Baba, ai taka ta fi tawa lafiya." Malam dama neman dalili yake, ya watsar da magani. Yatsunta sun sha gaya mata da matsala, ta ce tsufa ne ya kama su.

Ranar da masu son zuba jari suka zo ofis, Malam aka zaunar a gaba a matsayin shaida. Allo na zana layi tsaf. Ita kuwa tana riƙe da hannunsa: bugu uku, shiru, bugu biyu, shiru.

Malam ya yi tari, na'urar ta ɓalle ta cikin riga ta faɗa kan kujera. Ba wanda ya lura sai ita. Layin ya ci gaba da tafiya a allo, bai ko girgiza ba.

Ta ɗago abin tana kallon Injiniya. Ya matso da sauri, murya ƙasa-ƙasa. "Gwaggo, don Allah ki rufa min asiri. Tsohon hoton gwaji ne kawai muke kunnawa a allon. Kuɗi na shigowa za mu gyara."

"Ka san sati uku ke nan bai sha magani ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ashe ya sani. Wannan ya fi kuɗin ƙona mata rai, har ta ji ta tsani gadon bayanta da ya goya shi.

Ta mayar da na'urar kan kujera, a gaban kowa, ta nuna allo.

"Ku zuba kuɗinku, bayin Allah. Kujerar nan lafiyarta ƙalau."

Sannan ta ɗaga Malam. "Tashi mu tafi asibiti."

Suna sauka daga bene tana ƙirgawa, shirun yana ƙara tsawo.